Yadda Ake Fitar da Ƙungiyar Goge, Jazz da Kiɗan Kwamfuta Rangadin Turai

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a 'yan watannin nan daga matasa ce da suka haɗa ƙungiyar kiɗa ta gamin gambiza: ga mai goge, ga mai kalangu, ga mai busa saksofon da ya taso cikin jazz, ga kuma wanda kayan kiɗansa duka kwamfuta ce. Sun ga irin su Bombino da Mdou Moctar da Tal National sun fita daga Nijar suna zagaya duniya, su ma suna son sanin ta ina ake farawa. Amsa wa kowa shi kaɗai ta gagara, shi ya sa na tattara ta a nan.

Don magana ta zauna, mu ɗauka ku shida ne: mai goge daga Damagaram, mai kalangu daga Kano, mawaƙiya daga zangon Kumasi, mai saksofon daga Legas, mai gangunan bature Bafaranshe, da mai kwamfuta da ke zaune a Balin. Kuna son zagaya Turai tsakanin Yuni da Agusta, lokacin bukukuwan kiɗa. Ku ba kanku shekara guda cur. Kuma ku riƙe wannan tun yanzu: wanda fasfonsa ya fi wahalar samun biza, shi ne ke tsara wa kowa jadawali, ba wanda ya fi iya kiɗa ba.

1. Ku jera fasfo kafin ku jera waƙoƙi

Kowa ya ɗauki hoton fasfonsa ya tura wa mutum ɗaya da kuka amince ya riƙe takardu. Ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, waɗanda yanzu sun kai 29, suna so fasfo ya zama an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za a bar yankinsu, kuma da shafi 2 da ba a buga wa komai ba. Wanda nasa ya kusa ƙarewa ya tafi sabuntawa a makon nan, kada ya jira a sami wasa tukuna.

Sai a rubuta a gaban sunan kowa inda zai nemi biza, domin a ƙasar da mutum yake zaune ake nema. Bafaranshe ba ruwansa. Na Kano zai sauka Abuja ko Legas. Na Damagaram ne abin dubawa: Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, don haka idan yawancin wasanninku a Faransa za su kasance, sai an binciko tun yanzu ofishin da zai karɓi takardunsa, a kuma sa kuɗin motarsa da na masaukinsa cikin lissafi.

Hattara: ku kwafi sunan kowa harafi da harafi yadda yake a fasfo. Wanda kuke kira Muhammadu, wataƙila Mahamadou aka rubuta masa. Sunan da aka san mutum da shi a dandamali bai da wurin zama a tikiti ko takardar gayyata.

2. Ku rubuta yadda za ku raba kuɗi

Al'adu uku ne za su ci karo a nan. Makaɗin gargajiya ya saba uban kiɗa ya karɓi abin da aka samu ya sallami yaransa gwargwadon yadda ya gani. Ɗan jazz ya saba a gaya masa kuɗinsa na kowane dare kafin ya buɗe akwatin ƙahonsa. Mai kwamfuta kuwa kasonsa na mallakar waƙa yake hange. Kowa a ganinsa tasa ce hanyar da ta dace, kuma ba wanda zai furta sai kuɗi sun zo hannu.

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta wanda ya mallaki sunan ƙungiya, kuɗin kowa a daren wasa, kuɗin abinci a ranar da ba wasa, kason kowa a kowace waƙa, asusun da kuɗi za su shiga, da abin da za a yi idan aka hana wani biza. A karanta wa kowa da harshen da yake ji, wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa a gaban wani nasa. A ganina rabon daidai a kuɗin wasa, da ɗan ƙari ga mai ɗawainiyar takardu, shi ya fi daɗewa bai jawo gunaguni ba.

3. Ku sasanta goge da kwamfuta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gane ƙungiya ta gaske da wadda aka liƙa wa kiɗan gargajiya don ado.

A fara da murya. Fiyano da kwamfuta a saite suke a kan ma'auni ɗaya, wanda makaɗa ke kira 440. Shi kuwa mai goge, tsirkiyarsa ta izga ce, yana ɗaure ta ne daidai da muryarsa ko ta mawaƙinsa, kuma wasu muryoyin da yatsunsa ke fitarwa a tsakanin maɓallan fiyano suke faɗawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tilasta masa ya bi fiyano, ko a sa manhajar gyaran murya ta miƙe shi. Da an yi haka, abin da ya sa aka gayyato shi ya tafi.

Ga tsarin da ke aiki. A bar mai goge ya yi kiɗinsa shi kaɗai na minti goma, a naɗa. A sa na'urar saiti a gano muryar da yake komawa kanta, a yarda cewa ita ce gidan waƙar. Mai kwamfuta ne zai saita kayansa su zo wurin. Manhajar Ableton Live tun fitowa ta 12 tana ba da damar sauya saitin muryoyi gaba ɗaya, kuma kusan kowace na'urar kiɗa ta lantarki ana iya ɗaga ta ko a sauke ta kaɗan. 'Yan jazz kuma su rage yawan sauye-sauyen da suka saba. Su riƙe murya ɗaya ko biyu a ƙasa, su bar wa goge fili, su ajiye gwanintarsu zuwa inda aka buɗe musu.

Sai maganar ƙidaya. Kafin a kunna komai, mai kalangu ya buga, kowa ya tafa a inda yake jin kiɗan ya fara. Sau da yawa za ku tarar hannaye ba su sauka tare ba: mai gangunan bature yana jin farko a wani wuri, mai kalangu a wani. Kada a wuce wurin sai an daidaita, in ba haka ba za a yi mako ana zargin juna da saurin hannu.

Ƙarar da kwamfuta ke bugawa don riƙe lokaci, a kunnen mai gangunan bature kaɗai za a sa ta. Shi zai bi ta, sauran su bi shi. Sa wa mai kalangu wannan ƙas-ƙas a kunne yana daskarar masa da hannu.

Hattara: kada mai kwamfuta ya shirya waƙa doguwa guda mai tsayayyen tsawo. Mawaƙiyarku idan ta ga jama'a sun ɗauka, za ta ƙara baiti, za ta juya amshi sau huɗu maimakon biyu, kuma daidai ta yi. A yanyanka kowace waƙa gunduwa-gunduwa masu maimaita kansu, shi kuma ya riƙa sakinsu da hannu yana kallonta. A yarda da alamar ido ko ta hannu ta shiga gaba da ta tsayawa.

A ware sautin kwamfuta ta hanyoyi aƙalla huɗu: mai kauri na ƙasa, ganguna, sauran muryoyi, da ƙarar lokaci. Idan aka cure su wuri ɗaya, injiniyan sauti ba abin da zai iya gyarawa a zaure. A kuma naɗi kiɗan kowane mutum shi kaɗai a ajiye, saboda ranar da biza ta hana wani zuwa. Ku gwada jerin waƙoƙinku sau ɗaya babu mai goge, sau ɗaya babu kwamfuta kwata-kwata. Na biyun zai ba ku mamaki, kuma wata rana zai fitar da ku kunya.

Gwajin nan yana son mako biyu kuna wuri ɗaya. Idan a Kano ko Akara za a yi, Turawan cikinku su ma za su ɗanɗana neman biza da allurar shawara. A tanadi janareta da na'urar daidaita wuta kafin a jona kwamfutar kowa.

4. Abin da za ku nuna wa masu gayyata

A ranakun ƙarshe na gwaji ku tara mutane ko da talatin ne, ku yi wasa a gabansu, a ɗauki bidiyon waƙa uku ba tare da yanka ba, da sauti mai tsabta. Mai shirya biki ba ya son bidiyon da aka yi ta canza kaya ana rawa a bakin ruwa. So yake ya ga abin da zai faru a dandamalinsa.

Ku haɗa da hotuna masu kyau, taƙaitaccen tarihin ƙungiya da Turanci da Faransanci wanda bai wuce rabin shafi ba, da raida, wato takardar buƙatunku na dandamali. A cikinta a zana inda kowa ke tsayawa, a jera kowane makirfo da kowace waya da lamba, a faɗi abin da za ku zo da shi da abin da za su tanadar muku. Gangunan bature, amfilifaya da fiyano ba a ɗaukar su a jirgi, can ake tanada. A sa hoton goge da kalangu, da ƙwaryar kiɗa idan kuna da ita, a takardar, domin injiniyan da zai karanta ta mai yiwuwa bai taɓa ganinsu ba.

5. Neman wasa

Manyan bukukuwan bazara suna cike jadawalinsu ne tun kaka da hunturun da suka gabata. Wanda ya aika saƙo a Afrilu yana neman wasan Yuli ya makara.

Akwai kasuwanni da masu shirya bukukuwa da dillalan mawaƙa ke taruwa. Mafi girma ga irin kiɗanku shi ne WOMEX, wanda aka fara a Balin a 1994, ake yinsa kowane Oktoba a wani birni na Turai. Ta ɓangaren jazz akwai jazzahead! a Bremen ta Jamus cikin Afrilu. A nahiyarmu akwai Visa For Music a Rabat cikin Nuwamba, Atlantic Music Expo a Praia, da MASA a Abijan duk bayan shekara biyu. Dukkansu suna buɗe ƙofar neman gurbin nuna kiɗa watanni da yawa kafin taron. Ga sabuwar ƙungiya, na fi ba da shawarar Rabat ko Abijan: kuɗin zuwa ya fi sauƙi, kuma Turawan da ke zuwa can sun zo ne takanas neman kiɗan Afirka.

Abin da kuke nema shi ne dillali ɗaya mai rijista a Turai. La'adarsa yawanci tsakanin kashi 10 ne zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin wasa, kuma ya cancance ta, domin shi ya san harajin kowace ƙasa, shi zai sa hannu a takardun gayyata. Amfanin irin haɗinku shi ne ƙofa uku ce a buɗe: bukukuwan kiɗan duniya kamar na Sines a Fotugal ko Africa Festival na Würzburg, bukukuwan jazz, da wuraren kiɗan lantarki na dare. Ku gaya wa dillali ya ƙwanƙwasa duka ukun.

Hattara: dillalin kirki ba ya karɓar kuɗi kafin ya samo wasa. Duk wanda ya ce ku biya shi don ya sa ku a biki, ku kama gabanku.

6. Hanya da lissafi

A fara da wasa ɗaya ko biyu masu tsoka waɗanda za su biya tikitin jirgi, sai a jera ƙanana a kewayensu. A buɗe taswira, kada a yarda da tafiyar da ta wuce awa biyar ko shida a ranar wasa. Ranar da ba wasa ita ke cinye riba, domin otal da abinci da hayar mota ba sa hutu. Amma kuma mawaƙiya ba za ta yi dare bakwai a jere muryarta ta rayu ba. Hutu ɗaya bayan wasa huɗu ko biyar ya yi daidai. A tambayi kowane babban biki ko ya hana yin wasa kusa da garinsa kafin ranarsa, domin da yawansu suna sa wannan sharaɗi.

Ga misalin yadda kuɗi ke narkewa. Mu ce wani biki a Jamus ya ce zai biya Yuro 3,000. Jamus tana cire wa mawaƙan waje harajin kashi 15.825 cikin ɗari tun daga tushe, wato kusan Yuro 475. Dillali mai kashi 15 ya ɗauki 450. Saura 2,075, kuma ba a taɓa mai, hayar mota, kuɗin abinci da kason tikitin jirgi ba, balle a raba shida. Akwai sassauci guda: idan kason kowane mutum a wasa ɗaya bai wuce Yuro 250 ba, ba a cire harajin. A Birtaniya kashi 20 ake cirewa idan kuɗin sun haura wani mizani. A Faransa kuma doka tana ɗaukar mawaƙi a matsayin ma'aikacin wanda ya gayyace shi, don haka akwai cire-ciren albashi.

Kuma ku cire liƙi daga lissafi. Can tafi ake yi, komai daɗin da aka ji. Abin da ke maye gurbinsa shi ne teburin sayar da faifai da riguna a bakin ƙofa, don haka a tanadi na'urar karɓar kati.

Tikitin jirgi shi ne babban rami. Cibiyoyi irin su Goethe-Institut, Institut français da gidauniyar Music In Africa sukan buɗe tallafin tafiye-tafiyen mawaƙa; a riƙa leƙa shafukansu tun farkon shekara.

7. Kwantiragi

Kada a sayi tikiti a kan alkawarin WhatsApp. Kwantiragi ya faɗi kuɗi da cewa kafin haraji ne ko bayansa, wanda zai biya otal da yawan ɗakuna, ɗauko ku daga filin jirgi, tsawon wasa, da abin da zai faru idan aka soke ko aka hana biza. A nemi kafin alƙalami, rabi idan ya samu, a biya shi kafin ku tashi. A kuma nemi takardar shaidar harajin da aka cire. Ita ce hujjarku daga baya.

8. Biza

Ana iya miƙa takardun bizar Schengen tun wata 6 kafin tafiya. A ƙa'ida ana amsawa cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawa a cibiyoyin karɓar takardu irin su VFS Global da TLScontact shi kansa yakan ci makonni idan bazara ta gabato. Ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar kwantiragi biyu sun zo hannu, a nemi rana.

Ana nema ne a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, ba wadda kuka ji an ce ta fi sauƙi ba. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga kowane mutum tun Yunin 2024, ban da ladan cibiya, kuma ba a mayarwa idan an hana. Kowa zai kai takardar gayyata mai sunansa, kwantiragi, jadawalin rangadi rana-rana, shaidar masauki, ajiyar gurbin jirgi, inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da ta shafi dukkan yankin, bayanan asusun banki, da shaidar cewa kiɗa ne sana'arsa: katin ƙungiyar mawaƙa, hotunan wasanni, rahoton jarida. Makaɗin gargajiya wanda ya shekara talatin yana kiɗan biki amma bai da asusun banki mai motsi, shi ya fi buƙatar taimako a nan. A sa mai gayyata ya rubuta ƙarara cewa shi ya ɗauki nauyin komai nasa, a kuma haɗa shaidar iyali da gida ko gona. Waɗanda ke ƙasa ɗaya su je rana ɗaya da takardu iri ɗaya.

Bizar tana ba da kwana 90 ne cikin kowane 180, kuma ranakun gwaji da hutu duk a ciki suke. Ita kaɗai ba izinin aiki ba ce. Kowace ƙasa da dokarta a kan mawaƙan da suka zo na ɗan lokaci, kuma aikin mai gayyata ne ya tabbatar muku a rubuce cewa kun cika ta.

Hattara: Birtaniya da Ailan ba sa cikin Schengen, bizarsu daban ce. Idan za ku tsallaka Landan ku dawo Faransa, dole bizarku ta Schengen ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya. Kuma 'yan Najeriya da 'yan Gana suna buƙatar biza ko don canza jirgi kawai a filin jirgin Schengen, sai dai idan suna riƙe da wasu bizoji da aka keɓe. Amurka kuwa ku bar ta zuwa wani zagayen. Hanyarta daban ce, sai wani a can ya shigar muku da takarda, kuma tun 2025 ƙa'idojin shigarta suka tsananta ga ƙasashen yankinmu da dama.

Hattara ta biyu, kuma ita ce babba: za a zo muku da kuɗi a ce ku sa sunan wani a matsayin ɗan amshi ko mai ɗaukar kaya. Mutum ɗaya ya zille, sunan ƙungiya da na mai gayyata sun ɓaci, na bayanku ma sun shiga uku. Waɗanda suka je suka dawo a kan lokaci kuwa, dokar biza ta tanadi a riƙa ba su mai tsawon shekara ɗaya, sannan biyu, har biyar.

9. Kayan kiɗa a kan iyaka

Ku juya gogenku ku dubi fatar da aka rufe ƙwaryar da ita. Idan ta guza ce ko ta damo, kamar yadda aka saba, to tana cikin jerin dabbobin da CITES, yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido, kuma jami'in kwastan yana da ikon riƙe ta idan babu takarda. Hanya biyu ce: a nemi takardar izini daga hukumar da ke kula da CITES a ƙasarku, wadda a Najeriya tana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, ko a sa maƙerin goge ya yi wani na tafiya da fatar akuya. Muryarsa za ta ɗan bambanta, don haka a yi shi da wuri mai shi ya saba. Icen madobiya ma ya shiga jerin CITES tun 2017, saboda haka mai balafon ko ganga ta wannan ice ya yi tambaya. Duk wani ado na hauren giwa a cire shi a bar shi gida.

Tarayyar Turai tana barin matafiyi ya shiga da kayan kiɗan da yake ɗauke da su don sana'arsa ba tare da cike takarda ba. Tarin na'urori masu yawa da kayan sayarwa ba su shiga wannan sassauci ba, shi ya sa ya fi sauƙi a buga riguna da faifai a can. A rubuta jerin duk na'urori da lambobinsu, a riƙe rasit.

Goge, saksofon, kwamfuta da na'urar sautinta a hannu ake shiga jirgi da su. Batiran lithium da fawa-bank ba a sa su a kayan da ke shiga ƙasan jirgi. Kalangu a sassauta shi, a naɗe da tufafi cikin akwati mai tauri, kada ya wuce kilo 23. A zo da izga da ƙaro na ajiya, da kalangu na biyu a ɗaure, domin ɗanyar fata tana iya jawo tambaya a kan iyaka.

Wutar Turai 230 ce kamar tamu, bakin soket ne ya bambanta. Filogin Najeriya mai ƙafa uku a Birtaniya yake shiga, Suwizalan da Italiya kuma kowacce da nata.

Hattara: kilishi, dambun nama da man shanu an hana shiga da su Tarayyar Turai. A gaya wa iyali tun kafin su haɗa guzuri.

10. Ranar wasa

Fata ba ta son danshi. Kalangun da ke magana rau a Kano zai yi laushi a Holan bayan ruwan yamma, kuma ba wanda zai bari ku hura wuta a bayan dandamali. Na'urar busar da gashi ita ce maganin. A ɗumama fatar a hankali, daga nesa, minti kaɗan kafin a hau. Mai goge ya sake duba saitinsa da mai kwamfuta bayan fitilu sun ɗumama wurin.

A gwajin sauti a fara da ganguna, sai sauti mai kauri, sai kwamfuta, sannan goge da murya. Kalangu a ɗaura masa ƙaramin makirfo a jikinsa, domin mai shi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ƙwarya, idan kuna da mai kaɗa ta, tana son makirfo biyu: ɗaya a ƙarƙashinta don dukan dunƙulen hannu, ɗaya a sama don ƙarar yatsu. Goge ya yi nesa da lasifikar da ke fuskantar makaɗa, in ba haka ba zai yi ta kuka. A babban biki sau da yawa minti ashirin kawai za a ba ku tsakanin ƙungiya da ƙungiya, shi ya sa idan kuɗi sun isa a ƙara mutum na bakwai, injiniyan sauti nake zaɓa, ba makaɗi ba.

Kwamfuta a kashe mata intanet da sabunta kai da barci. A manne wayoyinta da salatif, a kare ta daga rana, a ajiye kwafin komai a waya ko wata na'ura da aka riga aka jona.

11. Zaman mota

Motar da ba ta wuce kujera tara har da direba ba, lasisin ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta. Biranen Jamus da Faransa da yawa suna neman takardar shaidar hayaƙi a gilashi, manyan hanyoyin Suwizalan da Ostiriya kuma sai da tasu takardar biya. A tambayi kamfanin haya kafin a ɗauki makulli.

Kowane dare a tura wa kowa jadawalin gobe: lokacin tashi, adireshi, gwajin sauti, abinci, hawa dandamali. A rubuta abincin halal a raida, a nemi ɗaki mai tsabta na salla wanda ba a jibge giya a ciki ba. Masu shirya biki ba sa ƙi idan an faɗa da wuri. A arewacin Turai cikin Yuni magariba takan kai wajen ƙarfe goma na dare, don haka a duba lokutan salla tare da lokacin wasa. Wanda zai ƙetare iyakar Tarayyar Turai da tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye, wajibi ne ya bayyana.

12. Kuɗin da ke biyo baya

Bayan kowane wasa akwai takardar da ake cikewa da sunayen waƙoƙin da aka yi da masu su. Mai gayyata yana biyan kuɗi ga hukumar haƙƙin mawaƙa ta ƙasarsa, GEMA a Jamus, SACEM a Faransa, PRS a Birtaniya, su kuma su aika wa hukumar da kuka yi rijista da ita. Wanda bai yi rijista ba, kasonsa ba zai same shi ba. Kafin tafiya kowa ya shiga ɗaya, MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar, GHAMRO a Gana, a kuma yi wa kowace waƙa rijista da kason da kuka rubuta a mataki na biyu.

Hattara: ba kowace tsohuwar waƙa ce ta kowa da kowa ba. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma a dokar Najeriya haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Idan mai kwamfuta ya yanko murya daga tsohon kaset, ko mai goge ya ɗauko amshin wani sananne, sai an nemi izinin magada a rubuce, a kuma sa sunan mai waƙar a takardar.

Cikin mako biyu da dawowa, mai riƙe kuɗi ya baje lissafi da rasit a gaban kowa, a biya sauran haƙƙi. A aika wa kowane mai gayyata godiya da bidiyon wasan da aka yi a wurinsa, a tura wa dillali mafi kyawun ɗauka, domin a Satumba zai fara tallan bazara mai zuwa. Kuɗin haƙƙin waƙa sukan ɗauki shekara ko fiye kafin su iso, saboda haka kowa ya ajiye kwafin takardun waƙoƙin da ranakunsu da sunayen wuraren, ya kuma bar asusun da ya ba hukumar a buɗe.